Katkat ta yi zafi: laifin rana ne, ko na fanka?

A makon nan za mu ajiye maganar siyasa da ta farashin hatsi gefe guda, mu leƙa gaban mota, domin wani abu da ya same ni a hanyar Madarunfa ya nuna mini cewa akwai wata asara da ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ke tafkawa kowace bazara, alhali maganinta bai fi ƙarfin kowa ba.

Cikin bazarar da ta wuce, wata ranar Asabar, wani Alhaji ɗan kasuwa na Maraɗi ya ɗauke ni a motarsa zuwa gaisuwar mutuwa a wani ƙauye da ke can bayan Gabi. Motar tsohuwar katkat ce mai shan gazwal, irin waɗanda ake ji da su wajen ratsa daji. Daga Maraɗi zuwa Madarunfa wajen kilomita 25 ne, kuma muka yi su lami lafiya, allurar zafi na zaune a tsakiya ba ta ko motsi. Da muka saki babbar hanya muka faɗa rairayi, direba ya sa ƙaramar giya, inji ya shiga gurnani, sai allura ta fara hawa sannu a hankali. Direba ya ce kada mu damu, haka take yi in rana ta take. Muka isa, muka yi gaisuwa, muka yi sallar la'asar.

A komowa ne abin ya zama abin tsoro. Mutanen ƙauyen sun roƙi Alhaji ya rage wa wata mata hanya zuwa asibitin Madarunfa, tana riƙe da yaro wanda zazzaɓi ya galabaitar. Ba mu yi nisa ba allura ta shiga ja, tururi ya fara fitowa daga gaban mota. Sau huɗu muna tsayawa muna jiran inji ya huce, har ruwan shan da muka taho da shi ya ƙare a cikin lagireto. Tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ta ci mana fiye da sa'a biyu, ga rana tana faɗuwa. Wanda duk ya san wannan yanki na bakin iyaka ya san halin da ake ciki tun wajen 2019, shekarar da dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi don gudun ƴan bindiga: ba wurin da mutum zai so magariba ta riske shi da matacciyar mota ba ne. Allah ya taimake mu muka isa, yaron kuma ya samu sauƙi daga baya. Amma idanun uwarsa a duk lokacin da direba ya kashe mota, har yau ina ganinsu.

Kashegari muka kai motar wurin wani dattijon makaniki a Maraɗi. Alhaji ya fara da cewa a canza lagireto gaba ɗaya a sa babba, domin rana ta fi ƙarfin wannan. Dattijon bai ko taɓa motar ba tukuna, ya ce:

"Alhaji, a ina take yin zafin? Bisa kwalta, ko cikin rairayi?"

"Cikin rairayi, Baba. Bisa kwalta lafiyarta lau."

"To, ranar da ke dukan kwalta ita ce ke dukan rairayi. Ku bar zargin rana, ku zo mu dubi fanka."

Ya buɗe gaban mota, inji a kashe, ya sa yatsa ɗaya ya tura fanka, sai ta yi ta juyawa ita kaɗai kamar abin wasan yara. Ya nuna mana cewa zoben robar da ya kamata ya kewaye ta babu shi, wani ya cire ranar wani gyara bai mayar ba. Ya haska tocila ta bayan lagireto, haske bai fito ta gaba ba, domin ƙura da ƙaiƙayi da ƙarangiya sun toshe ƙofofinsa. Daga ƙarshe ya kwance inda tarmosta ke zama, ya tarar da wurin wayam. Direba ya ce ai wani gareji ne ya cire shi bara, wai don mota ta daina zafi. Dattijon ya dube shi ya ce: "Ɗana, sun kori mai gadi, sun bar ɓarawo a ɗaka."

Tambayar nan ta dattijo ita ce abin da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan fili. Ruwa ba ya tsami banza. Mota ba ta zafi don kawai ƙasarmu na da zafi. In ta yi, akwai abin da ya lalace, kuma lokacin da zafin ke tashi shi ke faɗin inda cutar take.

Kafin mu je ga wannan, bari mu dubi maganar rana, tun da ita ake ɗora wa laifi. Gaskiya ne a watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, kuma a ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Amma ruwan da ke cikin inji mai lafiya yana aiki ne tsakanin digiri 80 da 95. Ke nan ko a ranar da ta fi kowace zafi, iskar waje ta fi ruwan inji sanyi da nisa, kuma tana iya ɗauke masa zafi muddin ta samu hanyar ratsa lagireto. Masu cewa an ƙera motocin nan don ƙasashen sanyi su tuna da Land Cruiser jerin 70, wadda kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1984: da ita ake aiki a hamadar Ostareliya da ta Larabawa, ita ce kuma motar ƙungiyoyin agaji irin su Médecins Sans Frontières, wadda ta daɗe tana aikin kula da yara a gundumar Madarunfa. Masu ƙera irin waɗannan motoci sun san da rana tun kafin su buga ƙusa ta farko.

Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar ganewa. Daga cikin ƙarfin man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke tura mota. Wani kashin ya bi hayaƙi ya fita, sauran kuma zafi ne da tilas a kwashe shi daga jikin inji. Ruwa ne ke wannan aiki. Famfo na tura shi ya zagaya inji, ya ɗauki zafi, ya kai lagireto, wanda Bafaranshe ke kira radiateur, inda yake ratsa ƴan siraran hanyoyi iska na bugunsu har ya huce ya koma. To, iskar nan hanya biyu take zuwa. In mota na gudu, gudun ne ke cusa iska ta gaba, fanka ba ta da wani babban aiki. In kuwa mota na tafiyar hawainiya ko tana tsaye, fanka ce kaɗai ke jawo iska. Rairayi ya haɗa abubuwa biyu mafi muni: inji na aiki da iyakar ƙarfinsa, mota kuma ba ta gudu. In aka yi rashin sa'a iska na kaɗawa daga baya, sai abin ya ƙaru. Shi ya sa motar da ta shekara tana zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa bisa kwalta ba tare da kuka ba, ranar da ta shiga ƙauyukan Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma asirinta ke tonuwa.

Daga nan ƙa'idar ta fito, kuma kashi uku ce. In mota na zafi a rairayi, ko cikin cunkoson kasuwa, ko a tsaye, amma ta huce da zarar ta samu hanya ta yi gudu, a tuhumi fanka da abin da ke kewaye da ita. In kuwa tana lafiya a hankali amma allura na hawa in an taka ta a kwalta ko an yi mata lodi, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata ko lagireto ya toshe: a dubi cikinsa da wajensa, a dubi tarmosta, a dubi famfo, a dubi tiyon ƙasa ko ya yi laushi yana shaƙewa. In kuma ruwa na raguwa kullum sai an ƙara, to akwai inda yake fita: tiyo, ko murfi, ko jikin lagireto, ko kuma, Allah ya kiyaye, juwan kulas. Mai mota da ya zo gareji da amsar wannan tambaya a bakinsa ya riga ya yi wa makaniki rabin aiki, ya kuma tsare aljihunsa daga gyaran lalube.

Fanka iri biyu ce a motocinmu. Ta farko ita ce wadda inji ke juyawa da bel, kuruwa in ji makanikanmu, kuma ita ce a yawancin katkat masu shan gazwal. A tsakiyarta akwai wani kwano mai ɗauke da wani mai mai kauri na silikon, da ƴar murɗaɗɗiyar waya a gabansa mai jin zafi. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, wayar ta buɗe wa man hanya, kwanon ya kama, fanka ta juya da ƙarfi har a ji ƙugin ta. In ta yi sanyi ya sake ta, don kada a ɓata mai a banza. Da tsufa man na tsiyayewa, sai fanka ta ci gaba da juyawa a ido amma ba ta jan iskar kirki. Wannan ne ke ruɗin direbobi, domin in ka tambaya sai a ce maka ai ga ta nan tana juyawa. Gwajinta shi ne wanda dattijon ya yi: a kashe inji, a zare mabuɗi, a tura ta da hannu. Ya kamata a ji tana turjiya, musamman in inji na da zafi. In ta sulale ta yi ta zagayawa, ko aka ga alamar mai da ƙura sun manne a jikin kwanon, ko tana girgiɗi, to ta gama aiki. A dubi bel ɗin kuma, kada ya zama ya saki ko ya tsage.

Ta biyu ita ce mai aiki da lantarki, wadda ake samu a ƙananan motoci da katkat na zamani masu shan fetur, haka ma a baburan daji masu ƙafa huɗu, waɗanda lagiretonsu ƙarami ne kuma yana kusa da ƙasa inda laka ke saurin rufe shi. Wannan ba ta juyawa kullum, sai ruwa ya kai wani mataki na zafi, galibi sama da digiri 90, sannan ma'aunin da ke tsome cikin ruwan ya ba da umarni ta tashi. In ta ƙi tashi, a bi abin daki-daki daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da fizibil, ƴar wayar nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. A dubi rele, a musanya shi da wani irinsa a gani. A dubi mahaɗar wayoyi, domin ƙura da tsatsa da girgizar hanya na kwance su. Sannan a ba fankar wuta kai tsaye daga batir: in ta juya, lafiyarta lau, laifin na ma'auni ne ko na waya, in ba ta juya ba, ita ce ta mutu. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: in ruwa ya ragu har ma'aunin ya fita daga cikinsa, ba zai ji zafin daidai ba, fanka ba za ta tashi ba, allura ma na iya yin ƙarya ta sauka alhali inji na ƙonewa. Saboda haka kafin komai a tabbata ruwa a cike yake. A kiyaye kuma, irin wannan fanka na iya tashi da kanta ko da an kashe mota. Kada a kai hannu ko hannun riga kusa da ita sai an cire kan batir.

Ko wace iri ce, abu biyu na iya mai da aikinta banza. Na farko rashin zoben da ke kewaye da ita. Makanikai da yawa na jefar da shi domin yana tsare musu hannu, alhali shi ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Na biyu ɗaura fanka a juye, wanda ke rage mata ƙarfin jan iska, ko haɗa wayoyin mai lantarki a juye, ta riƙa tura iska gaba tana kokawa da wadda gudu ke kawowa. Gwajin wannan na yara ne: a ɗora fallen takarda a gaban mota inji na aiki, in ta manne, iska na shiga daidai.

Sai lagireto kansa. Ƙasarmu na ciyar da shi abinci iri uku a shekara: ƙurar hunturu, lakar damina a fadamar Gulbin Maraɗi da kewayen tafki, da ƙaiƙayi da ƴaƴan ciyawa lokacin kaka. A motar da ke da na'urar sanyi, wato kilim, akwai wani lagireton na biyu a gaba, kuma a tsakanin su biyun ne datti ke taruwa ya zama kamar tabarma inda ido ba ya gani. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi sosai, domin ruwa mai ƙarfi na lanƙwasa ƴan siraran ganyayen ƙarfen ya ƙara toshe su. Fitilu da allunan ado da wasu ke jerawa a gaban mota su ma suna tare iska.

Wannan na waje ke nan. Na ciki kuwa mu ke jawo shi da hannunmu. Ruwan rijiya da na tafki da na famfo duk suna ɗauke da ƙasa da gishirin da ke daskarewa in an dafa su. Wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Irinsa ne ke toshe hanyoyin lagireto, ga kuma tsatsa da ke cin famfo. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa cikin jarka, mutane na guje masa suna cewa maganin ƙanƙara ne, mu kuwa ba mu da ƙanƙara. Amma aikinsa bai tsaya nan ba: yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa, domin in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta ba ya tafasa sai wajen digiri 107. Gargaɗi guda: guba ne, kuma yana da zaƙi. Kada a zuba shi a kwalbar lemo a ajiye inda yara suke, kada kuma a zubar da tsohonsa inda awaki za su lasa. Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo su sani cewa abin da ya toshe ƙofar yoyo zai toshe hanyar ruwa ma.

Murfin lagireto shi ne mafi araha a cikin kayan nan duka, shi ne kuma aka fi rainawa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya na tafasa a digiri 100. Murfin kirki na danne ruwan da ke ciki, kuma ƙarfin dannewar a rubuce yake a bayansa, galibi 0,9 ko 1,1. Da wannan dannewa ruwa ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. In robar murfi ta tsage ko ƙarfensa ya saki, an yi asarar wannan rata ta digiri 20, mota ta riƙa amai da ruwa alhali injinta lafiya lau. Na sha ganin motar miliyoyi da aka toshe bakin lagiretonta da leda da tsumma.

Yanzu mu zo ga magunguna biyu da suka zama ruwan dare a garejinmu, daga Maraɗi har Kano: cire tarmosta, da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa kullum. Tarmosta ƙofa ce mai buɗe kanta. Tana rufe in inji na da sanyi don ya yi saurin ɗumi, ta buɗe in ruwa ya kai matakin da aka rubuta a jikinta, tsakanin digiri 76 da 88 bisa ga irin mota. In tana da lafiya, a lokacin zafi a buɗe take gaba ɗaya, ba ta tare komai. Cire ta ba zai ƙara wa lagireto ko fanka ƙarfi ba. Hasali ma a injuna da yawa tana da ƙafa ta biyu wadda ke rufe wata gajeruwar hanya in ta buɗe babbar. In babu ita, wani kashi na ruwan zafi sai ya bi gajeruwar ya koma cikin inji bai ga lagireto ba. Ga shi kuma da safiyar Disamba da Janairu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da kima, ya yi saurin tsufa. Gaskiya ne takan lalace ta ƙi buɗewa, amma sanin haka ba wuya: a jefa ta cikin tukunyar ruwa bisa wuta a gani ko za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. In ta ƙi, a sa sabuwa. Haɗa fanka kai tsaye kuwa dabara ce ta fitar da kai daga daji, kuma a nan ba ta da laifi. In ta zama ta dindindin, fankar za ta ƙone kafin lokacinta, batir ya wahala, ainihin abin da ya lalace kuma yana nan ba a gyara ba.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce: kayan gyara sun yi tsada. Ba ƙarya ya yi ba. Tun ranar 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin talaka, kuma rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sun sa samun kaya daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya yi wuya a lokutan. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin lissafi. A ɗora murfi da tarmosta da kwanon fanka a hannu guda, a ɗora kulas a ɗayan, a ƙara da kwanakin da mota za ta yi a gareji kasuwannin ƙauye na wucewa. In inji ya ƙone, kan inji na lanƙwasa ko ya tsage, juwan da ke tsakani ya ƙone. Alamunsa su ne kumfa na tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi a baya, man inji ya koma kamar an dama shi da madara, tiyo ya yi tauri kamar dutse jim kaɗan bayan an ta da mota. Wanda ya kai nan ya san araha ba ta ado.

Ga abokaina ma'aikatan gwamnati kuwa magana ta fi nauyi. Motar Alhaji na da mai kuka in ta mutu; motar ma'aikata sau da yawa marainiya ce. Direba ya ce allura na hawa, a ce masa babu kuɗin gyara a kasafi, ya lallaɓa. Ya yi ta lallaɓawa har ranar da za ta tsaya, a jawo ta a ajiye a bayan ofis bisa duwatsu, kaji su yi ta ƙwai a ƙarƙashinta. Wanda duk ya zagaya ma'aikatunmu ya ga irin waɗannan gawarwaki. Motar da ke kai allurar rigakafi ƙauye, da ta malamin gona, da ta mai duba makarantu, da wadda ke ɗauko mai naƙuda cikin dare, duk rairayin nan guda suke bi. Shawarata ga shugabannin ma'aikatu ita ce direba ya riƙa rubuta abin da allura ta yi a littafin mota, da wurin da ta yi shi, a kuma ɗauki maganarsa da muhimmanci tun tana ƙarama. A sa duba fanka da lagireto cikin aikin watan Maris, kafin zafi ya kankama, da na ƙarshen damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa duk da haka abin ya same ka a hanya, ga abin yi. Da ka ga allura ta wuce inda ta saba, kashe kilim, ka kunna na'urar ɗumama ciki in motarka na da ita, domin ita ma ƙaramin lagireto ce. Nemi wuri mai tauri ka tsaya, ka fuskantar da gaban mota wajen da iska ke fitowa. In babu tururi kuma fanka na aiki, bar inji ya yi ta juyawa a hankali har allura ta sauka. In tururi na fita ko ruwa na zuba, kashe shi nan take. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin sa'a, sannan da tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan ka bari iska ta fita tukuna; mutane da yawa na ɗauke da tabon ƙuna a fuska da ƙirji saboda gaggawar minti biyar. Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko cikinsa, ƙarfe na iya tsagewa. In ya huce, ƙara ruwa kaɗan-kaɗan inji na aiki. Kafin shiga rairayi mai zurfi rage wa tayoyi iska, mota za ta yi sauƙin tafiya, inji ya rage wahala. Kuma kada ka bar gari ba tare da jarkar ruwa ta mota daban da ta sha ba.

Motar Alhaji dai an sa mata kwanon fanka, an nemo zobe a wurin masu tsofaffin kaya, an wanke lagireto ciki da waje, an mai da tarmosta da sabon murfi. Lagireton da ya so a jefar yana nan a jikinta. Bayan mako biyu muka koma ƙauyen sadakar arba'in ɗin wani mamacin, da tsakar rana, ta hanyar nan dai. Na zauna a gaba ina kallon allura tun daga Madarunfa har muka isa, ba ta bar tsakiya ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.